Jan Maɓalli

Tun Baba na da rai, tun ban kai sitiyari ba,
ba wanda ya taɓa murɗa jan maɓallin Fijon nan.
Wa zai roƙi zafi a Daura?
Rana ta wadata kowa, har da rara.

Sai bana da Inna ta fara wankin ƙoda.
Litinin da Alhamis, kafin ladan ya yi gyaran murya,
mun kama hanyar Katsina,
ita a baya, bargo biyu da zanen Yaya Yalwa,
haƙoranta na kaɗa kalangu.
Na murɗa maɓallin har ƙurya.
Iska ta fito salaf, kamar numfashin mage,
ba ta ko kai gwiwata ba.

Sallau Bakanike bai taɓa sifana ba tukuna.
Ya tsuguna, ya gama rakensa,
ya ce, "Mota ba ta da murhun kanta,
ɗumin inji take ara ta ba ka.
In bai iso ba, ko babu, ko an tare shi a hanya.
Allurar zafi, ina take tsayawa?"
Na ce tun daga Kusugu har Mashi
kwance take, ba ta ɗaga kai.
Ya yi dariyar da ta nuna wawulonsa.

Ya duba lagireto: ruwa ya ɗan ja baya.
Ya cika, ya matsa tiyo, kumfa ta yi gyatsa.
Ya kwance ƙusa biyu a wuyan inji,
ya ce in leƙa.
Wayam. Ɗaki ba mai gadi.
"Nan ɗan bawul yake zama,
ya tsare ruwa har sai ya tafasa zuciya.
An cire shi, an jefar."
Sai na tuna wata bazara, ina aji uku,
mota na tururi a gindin tsamiya,
Baba na cewa a cire duk abin da ke riƙe zafi.
Ya yi maganin ranarsa.
Bai san da asubar Inna ba.

Bai ƙare nan ba.
Tiyo biyu ne ke ratsa bango su shiga ciki.
Sallau ya kama hannuna ya ɗora:
ɗaya da ɗumi, ɗaya sanyin gindin randa.
"Ruwa na sallama, ba a amsa masa."
Ya zare su, ya hura ruwa ta ƙofar fita.
Shiru. Shiru. Sai ga shi, ɓul,
ja, mai kauri, kamar kunun kanwa,
tsatsar shekara talatin,
ruwan kowace rijiya da Baba ya tsaya ya roƙa,
Zango, Mai'aduwa, Sandamu, Baure,
duk suka malale a ƙasan gareji.

Bawul kuwa, a cikin gawar wata Fijo aka samo.
Sallau bai yarda da shi ba.
Ya ɗaure shi da waya, ya tsoma a tukunyar Tsalha mai shayi,
Tsalha na zagi, mu muna kallo,
har ƙarfen ya buɗe baki a hankali
kamar jariri zai yi hamma.
Dubu huɗu, da kuɗin shayin da aka zubar.

Alhamis, taurari ba su watse ba.
Kafin Shargalle allura ta miƙe, ta tsaya tsakiya.
Wani abu ya taɓa idon sawuna.
Ban yi magana ba.
A madubi na ga bargo ɗaya ya zame,
na ga yatsunta sun saki haɓar zane.
Ta ce, "Tanimu, motar nan ƙanshin rigar ubanka take."
Ban ji komai ba sai tsohuwar roba.
Na rage gudu saboda ramuka.
Ba ta farka ba sai ƙofar asibiti.