Gambar Iyaka

Kunya arba'in da huɗu Baba ya bar mini,
daga gindin kanya zuwa bakin burtali,
nan gabas da Gagarawa.
Bara da bazara na ƙirga,
talatin da bakwai na tarar.
Na sake bi da yatsa kamar ɗan firamare.
Talatin da bakwai.

Ba ɓarawo ne ya zo da dare ba.
Garmar Ilu ce, duk damina
takan karkato kaɗan kamar mai gyangyaɗi,
ta lashe kunya guda.
In gani, in haɗiye yawu,
in ce, "Ba komai."

Ba komai ɗin nan ya fi sunana yawo a gari.
Ɗan kawuna ya ari jaki, ya maido shi yana ɗingishi:
ba komai.
Majalisa ta ce riɗi ke kuɗi a Maigatari,
na zuba riɗi, raina yana wajen gero.
Ana yabona, wai Mati ruwan sanyi,
ni kuwa kowa ya zo da moɗarsa
sai ya kamfata ya wuce.

Hansai ce ta tsaga ni.
Wata magariba ta ce, "Me za a dafa?"
Na ce, "Duk abin da ya samu."
Ta ajiye muciya a hankali.
"Shekara ashirin da biyu amsarka ke nan.
Wai kai, kana cikin gidan nan kuwa?"

Daren nan ban runtsa ba.
Dama likitan Gumel ya ce jinina ya hau,
ya ba ni ƙwayoyi a ƙullin leda.
Ashe jiki ya daɗe yana ƙirga kunyoyin
da baki ya ƙi faɗa.

Da asuba na bar waya a ƙarƙashin matashi,
na tafi gona ba fartanya.
Na zauna gindin kanyar
har inuwa ta juya.
Ba wanda ya kira ni.
Sai kurciya, sai numfashina,
sai wani abu a ƙirji yana ƙwanƙwasawa
kamar baƙon da aka manta a zaure.
Na ce masa, "Sannu da haƙuri. Shigo."

Mun daɗe muna hira.
Ya ce ba ya son hayaniyar majalisa.
Ya ce yana son ƙanshin gero in ya fid da kai.
Ya ce haƙuri da tsoro
riga ɗaya suke sawa,
sai ka laluba aljihu ka gane wane ne.
Ya ce rai na Allah ne, ba musu,
amma kai aka ba kiwo,
kai za a tambaya.

Ruwan fari na sauka na je fadama,
na saro saiwar gamba cike da mangala,
na bi iyaka ina dasawa.
Ilu ya tsai da shanu. "Lafiya, Mati?"
"Lafiya lau. Nan ce iyaka."
Muryata ta yi rawa, amma ta fita.
"Bakwai ɗin da suka wuce na bar maka,
yau, da bakina, ina sane."
Ya sunkuyar da kai.
Kyauta da ƙwace ba uwarsu ɗaya ba.

Wata biyu bai gaishe ni ba.
Ban mutu ba.
Gero ya yi, bai kai yadda na so ba,
amma nawa ne.
Gambar ta fi ni tsawo yanzu;
da kaka zan yanka in saƙa zana,
in bar mata ƙofa,
don ba katanga nake nema ba,
sallama nake so a yi.

Jiya Hansai ta sake tambaya.
Na ce, "Dambu, da zogale, a cika yaji."
Ta dube ni, ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce, "Ashe da mutum."