Kayen Tasha

Shekara talatin ina tashar Tawa
ban taɓa riƙe biro ba.
Buhun albasa na Illa ne, Ƙonni zai sauka,
ƙullin kilishi na matar Agali, Abijan za shi,
jika bakwai da dala arba'in na tsohuwar Barmu,
duk suna nan cikin ƙoƙon kaina.
Direbobi kan ce: Tankari, kai ne kayen tasha.

Wata Laraba bayan la'asar
kofin shayi ya zame mini daga hannun dama.
Na buɗe baki in ce a ɗauka,
harshe ya tafi wani gari.

Ƙafa ta dawo kafin damina,
hannu ya biyo ta yana jan jiki.
Kai ne ya zama kwando:
a zuba da safe, kafin hantsi ya tsiyaye.

Ran Talata Madam Bushara ke jirana
a ɗakin nan na asibiti mai fanka mai kuka.
Ta ce: Baba, riƙe mini uku,
makulli, rago, lemu.
Yanzu ƙirga daga ashirin, ka yo baya.
Na ƙirga. Na yi tuntuɓe a sha huɗu.
Ta ce: ina ajiyata?
Na laluba. Makulli kaɗai na tarar,
shi ma ban san ƙofarsa ba.
Ni da na riƙe amanar gari guda,
lemu ya gagare ni.

Ta ba ni takarda cike da jakuna,
in zagaye raƙuman da suka ɓuya ciki,
ta kunna rediyo da gangan.
Ana sanarwar rasuwa, hankalina ya bi ta.
Ta ƙwanƙwasa tebur: dawo, Baba.
Na dawo. Kullum aikin ke nan, dawowa.

A gida jikata Zuwera ce malamata.
Tana gauraya wake da gujiya a faifai, in rarrabe.
Ta sayo kaye mai shuɗin bango,
ta zana rana da ƙwaya biyu,
ta zana wata da ƙwaya ɗaya.
Kayen tasha yau da kaye a aljihu!
Na yi fushi kwana uku,
sai na manta abin da ya sa.

Sallah nake da ƙwallon dabino huɗu gefen tabarma,
kowace raka'a in ture ɗaya.

Wanda ya fi ciwo ban faɗa wa Madam ba.
Na ce: Nomau bai zo gaishe ni ba, me na yi masa?
Tsakar gida ta yi tsit.
Suka ce: bara ya rasu, kai ka yi masa wanka.
Na yi kuka.
An ce karo na huɗu ke nan da na yi wannan kukan.
Na ce Zuwera, zana mini shi,
da hularsa karkatacciya, ki ja layi a ƙasa.
Gara in gan shi kowace safiya
da in riƙa binne shi sabo.

Wata Talata Madam ta ce:
kada ka riƙe su a iska, ba su wurin zama.
Na rufe ido, na shiga tasha.
Na saƙala makulli a wuyan ɗan kamasho,
na ɗaure rago a saman motar Agadas,
na ɗora lemu bisa tiren yarinyar bakin ƙofa.
Na ƙirga har ɗaya, ban faɗi ba.
Na koma, suna nan inda na bar su,
ragon har yana kuka.
Ba ta yi guɗa ba. Ta ce: mako mai zuwa, huɗu.

Jiya an aike ni shagon Bizo ni kaɗai,
sukari, ashana, da wani abu.
Na tsaya gindin dogon yaro, ban buɗe kaye ba.
Masu babur na wucewa, ban bi su da ido ba.
Na jira, yadda ake jiran motar da ta makara.

Sabulu.
Ya iso da ƙura a jikinsa, amma ya iso.