Bana Na Zauna

Bara, da aka gama yankan gero,
dangi suka taru a gidanmu na Dundaye,
Luba ta ɗauki hoto da wayarta.
Kowa na ciki: Baffa Arzika da goro a kunci,
jikoki goma sha uku, har da akuyar maƙwabta.
Ni kuwa ga ni can ƙurya,
baya kawai, gyale ɗaure a ƙugu,
hayaƙin murhu ya cinye mini kai.

Shekara tara ke nan ina haka.
Ni ce surfe, ni ce tankaɗe,
ni ce mai ƙirga kwano in sake ƙirgawa,
in kwana ina kaɗa miya cikin mafarki.
In an ce girki ya yi daɗi sai in ce madalla,
alhali ban kai loma baki ba,
sai ƙanzo bayan lisha, a tsaye,
ƙafa ta kumbura ta ƙi takalmi.

Bana, tun ruwa bai ɗauke ba,
na aika gida-gida
cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Kulu, ke da kabushi da sure.
Jabbi, hanyarka ta bi Kwalkwalawa, riƙo kifi,
kada ka tsaya ciniki har rana ta take.
'Yan Wurno, albasa ba sai an tuna muku ba.
Wanda ba ya da komai
ya zo da tabarma da hannun wanke-wanke.

Inno ta riƙe haɓa:
"Wanga wane irin taro na?
A kirai mutum, a ce shi taho da miyatai?"
Na ce, Inno, bari mu gani.

Ranar ta zo da halinta.
Ige, 'yar sha huɗu, ta karɓi muciya,
tuwo ya fito da gudaji kamar tsakuwar rafi.
Mata biyu suka sa gishiri a tukunya ɗaya,
kowace ba ta san da 'yar'uwarta ba.
Kifi bai iso ba sai la'asar.
Sau uku ƙafata ta ce tashi,
sau uku na danne ta da gwiwar hannu.
Aka ƙara ruwa, aka ƙara kabushi,
aka yi dariya, aka cinye.
Ba wanda ya mutu.

Ashe inuwar dogon yaron nan ta tsakar gida
tana da sanyi haka?
Ni na shuka shi, ban taɓa zama ƙarƙashinsa ba.
Modi ƙarami ya gasa tumu,
ya murje da tafinsa, yana hurawa,
ya zuba mini a hannu da zafinsa.
Sabon gero, ƙamshin gona,
rabona da shi tun ina 'yar talla.

Sai Baffa ya ɗauko labarin jakinsa
da ya ƙetare Rima da kayan gishiri,
labarin da nake jin farkonsa daga madafa
kowace kaka, kafin wani abu ya tafasa.
Yau na ji ƙarshensa.
Ashe jakin ya fito, gishirin ne bai fito ba.
Na yi dariya har fura ta sarƙe ni,
Inno na bubbuga mini baya
tana cewa, "Ke ma ɗiya ta, ashe."

Da magariba samari suka wanke kwanuka,
murfi ɗaya ya ɓace, har yau ban nema ba.
Luba ta turo hoton bana.
Ga ni tsakiyar tabarma,
ido rufe, baki cike,
ɗankwali ya zame gefe guda.
Ta ce za ta goge, bai yi kyau ba.
Na ce kul.