Haƙoran Mabuɗi

Rumfar Baba Rabe tana bayan tasha, daf da Ƙofar Ƙaura,
kwaɗuna rataye a igiya kamar kifin da aka shanya,
zarto yana cin tagulla tun hantsi.

Na kai masa fura. Ya ce, Hansatu,
sakamakon jinin mutane da kike turawa Zariya ta imel,
wa ke gadinsa a hanya?

Na ce, mabuɗi ne, Baba, amma tagwaye.
Ɗaya kamar kwaɗo ne a buɗe, likita ya raba wa kowa.
In na zuba saƙo na datse,
ko ni ba na iya komawa ciki.
Ɗayan yana wurinsa, shi kaɗai.

Ya hure garin ƙarfe daga tafinsa.
Haƙoransa nawa?

Dubu biyu da arba'in da takwas.

Ya ajiye zarto.
Nawa biyar ne, ya ce. In an biya da kyau, bakwai.

Na ce, da can dubu ɗaya da ashirin da huɗu ake yi,
injuna suka ƙara sauri, aka daina yarda da shi.
Masu tsoron gobe suna hawa dubu huɗu da casa'in da shida,
sai tsohuwar kwamfutar ofishinmu ta riƙa nishi
kamar jaki a gangaren rafi.
Akwai kuma wata sabuwar ƙira, 'yar gajeriya,
ɗari biyu da hamsin da shida kacal,
amma ta fi nawa taurin kai.

Ya yi dariya. Wannan na gane,
komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Ya kurɓi fura, ya goge gemu.
Shekara arba'in ina wannan rumfa, ɗiyata,
ban ga ɓarawon da ya zauna ƙirga haƙora ba.
Ƙarƙashin randa yake dubawa,
ko bayan tubalin da ke bakin zaure.
Ke, naki ɗan tagwayen, ina yake kwana?

Na tuna wata 'yar takarda rawaya
da na manna ƙarƙashin allon kwamfuta,
sunan Inna da shekarar haihuwata,
da jan biro, don kada in manta.
Masinja yana share wurin kullum.

Ban amsa ba. Ya koma ga zartonsa.
Na tari ɗan kabu-kabu,
ko kwanon furar ban ɗauka ba.