Ambato

Ƙarfe biyun dare a Gyaɗi-gyaɗi.
Janareton maƙwabta ya yi tari sau biyu ya mutu,
saura hasken kwamfuta a fuskata
da lambar da ta ƙaru tun la'asar:
dubu uku da ɗari huɗu da sha ɗaya.
Yawan ambaton da aka yi wa aikina ke nan
a garuruwan da ban taɓa shan ruwansu ba.

Wani can, wanda harshensa zai karye a kan sunana,
ya ɗauko shi ya liƙa a gindin shafi:
Inuwa, B., da abokan aikinta.
Na gode masa. Bai san ina da tabon ƙuna a gwiwar hannu ba.

Shekara sha tara ina yanka ƙwaƙwalwar ɓera
siriri, siriri, ta fi ɓawon albasa,
in rina ta, in sa ido a madubin ƙara girma
ina ƙirga ƙwayoyin da suka mutu
kamar mai tsaye a kan Dala da dare
yana lissafin gidajen da aka ɗauke wa wuta.
Maƙala sittin da biyu.
Ta farkon sau huɗu ana koro ta gida.

Wadda aka fi ambato kuwa ta zafin jijiya ce.
A cikinta akwai Gwaggo Ladidi daga Kurna,
lamba ta tamanin da takwas.
Na ce mata, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne ciwon?
Ta dube ni sama da ƙasa:
'Yar nan, ciwo tumatir ne da za a kasa shi?
Da safe zogi, da azahar raɗaɗi,
in dare ya yi, cinnaka ke cin kasuwa a tafin ƙafata.
Takardar ba ta da gurbin cinnaka.
Na rubuta bakwai.
Bakwai ɗin nan ta ƙetare teku,
an ambace ta sau ɗari tara,
Gwaggo ko kuɗin adaidaita na biya mata, shi ke nan.

Ta bayan labule ana motsi.

Baba ne. Shekara arba'in yana gyaran agogo
a bakin kasuwar Sabon Gari, wajen Bata,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a yatsa,
yana kama ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Yau hannun nan ba ya kai ludayin koko baki
sai rabi ya tsaya a gaban riga.
Na san sunan cutar da harsuna uku.
Na san wace unguwa ce a kansa ta fara duhu,
da wadda ke bi mata.
Sani dai, ga shi nan jibge kamar kayan Kwari,
ba yadi ɗaya da zai rufe shi.

Ya ce, Malama, ke 'yar gidan wa ce?
Na ce, 'yar gidan mai agogo.
Ya ce, Allah sarki, ki gaishe shi.

Akwai wani lissafin da ba ya kwamfuta.
Ran wata Laraba, ana saura kwana shida azumin bara,
ya ce, Barira, rufe tagar nan.
Tun daga ranar lambar ba ta motsa ba.

Na gyara masa matashi. Ya riƙo wuyan hannuna,
rawar yatsunsa ta bi ta cikin ƙashina,
ya kai agogona kunnensa, ya rufe ido,
ya daɗe.
Ya ce, wannan yana gudu da minti biyu.

Na duba waya.
Minti biyu ne.