Mako na Shida

Ƙarfe ɗaya na dare a Punta Arenas,
iskar teku na jijjiga taga.
Malama Ximena Oyarzún ta buɗe shafin kwas:
makonni sha biyu a jere, kowanne da akwatinsa,
wayam kamar kwanukan da aka wanke.

Ta ja babi na uku zuwa mako na biyu.
Ya yi nauyi. Ta maida shi.
Shafi arba'in kan tarihin tumaki da ulu,
ta datse goma, ta ji kamar ta yanke yatsa.

Sai ta tuna Eleuterio
da ke jirgin kamun ƙaguwa har ƙarshen wata,
ba intanet sai an doshi gaɓa.
Manhaja ba ta san teku ba,
wa'adi kawai ta sani:
sha biyu saura minti ɗaya.

Ta koma mako na shida, ta kwashe komai.
A gurbin take ta rubuta:
"Wanda ya makara, nan za mu jira shi."

Shayinta ya huce. Ta danna wallafa.
Can kudu, wata waya a aljihun rigar ruwa
tana shiru tukuna.