Hanyar da Jirgi Ya Bari

Likita ya ce zuciyata na son motsi.
Ni kuwa ƙafata ta manta feda
tun ina ɗan shekara sha tara.
Sai Clive, maƙwabcina mai kiwon zuma,
ya jingine mini keke a bakin ƙofa,
mai faɗin taya, ba kariya, ba ƙararrawa,
ya ce, "Asabar, ƙarfe bakwai. Kada ka cika ciki."

Daga Southwell muka kama hanya,
hasumiya biyu na coci suna leƙen ƙeyarmu.
Da can layin dogo ne, na jigilar kwal.
An kwashe ƙarfen, an zuba tsakuwa,
jirgi ya tafi ya bar mana shimfiɗarsa.
Ba hawa, ba gangara, sai ɗan tudu
wanda ko tsohuwa ba za ta yi masa nishi ba.
Ni na yi.

Taya na taka tsakuwa, caras, caras,
kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi.
Dama gonar alkama, an girbe, an naɗe tattaka
gammo-gammo, kowane ya fi ni tsawo.
Hagu tumaki, ba makiyayi, ba sanda,
ba wadda ta taɓa jin labarin kura.
Yayyafi ya zo, ya yi shawara, ya fasa.
Wata mata bisa doki ta ɗaga mana hannu,
karenta ya raka mu har ƙyaure na uku
sannan ya tuna ba mu ne iyayen gidansa ba.

Dab da Farnsfield ƙaya ta yi aikinta.
Fuuu. Tayar baya ta kwanta.
Clive ya zaro sabon tub daga aljihu,
tsohon zai tafi bola.
Na ce, "Dakata."
Ban san na faɗa ba sai da na ji muryata.

Akwai ɗan ruwa kwance a sawun tarakta.
Na durƙusa, na hura, na nutsa robar
taki ɗaya, taki ɗaya,
har kumfa ta taso a jere, ta tona asirin huda.
Na goga da dutse, na shafa sholisho,
na jira ya sha iska. Gaggawa ba ta faci.
Wa ya ce haka? Malam Sallau,
ƙarƙashin dalbejiya, bakin tashar Funtuwa,
da kwanon ruwansa, da famfo mai ɗaurin kyauro.
Shekara arba'in yana tashin kekunan mutane.
Ni kuma in na taso makaranta da abokai
sai in bi ta bayan kasuwa
kada su ga baƙin man da ke hannun ubana.

Yakan shafa tambarin Rali da babban yatsa,
ya sa in karanta masa rubutun ƙasa.
"Natingam," yakan maimaita a hankali.
"Garin da ke haifar wannan, ai ko ƙasarsa ƙarfe ce."

Baba, mil goma sha huɗu ne daga inda na durƙusa.
Ba ƙarfe ba ce. Ciyawa ce, da laka,
da tuffa mai tsami da ke faɗowa ba mai tsinta,
da ƙaya, irin tamu sak.

Clive ya murza facin, ya duba, ya sake dubawa.
"Wa ya koya maka?"
Na ce, "Wani injiniya."
Na ga baƙi ya shiga ƙarƙashin farcena,
na ɗauko hankici, na mayar aljihu.

Mun kai Bilsthorpe, mun sha shayi a tsaye,
muka juyo, iska na tura mu ta baya.
Gwiwa na ƙara, sirdi ya gama da ni,
zuciya dai tana ta kiɗinta, ba ta tsallake ko ɗaya.
A kowane ƙyaure nakan sauka in matsa tayar.
Tana nan tam.